Wa Zai Kwance Shanu Don Basir Dirar?

Da hantsin ranar Talata, biyar ga watan Muharram na shekara ta 1362, daidai da sha biyu ga Janairun 1943, Allah Ya karɓi ran Basir Dirar Satti a ɗakinsa da ke tsibirinmu na Hambinarti, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki. Aronsa aka ba mu, Mai shi Ya aiko a mayar, mu ma kuma can muka nufa. Ni Khairi Salih, ƙanin matarsa Sittana, ni ke rubuta wannan domin 'ya'yan tsibiri da neman abinci ya watsa su Atbara da Khartoum da Masar. Na san labarin zai riga takardata isa, kowane baki kuma zai ƙara masa gishirinsa. Gara su ji daga wanda ya ɗauki makarar a kafaɗarsa.

Dirar, mijin yayata, da kai nake magana yanzu, tunda yau dai ba za ka katse ni ba.

Basir muke ce maka, kamar yadda aka ce wa ubanka da kakanka, domin gidanku ne ke sassaƙa sagiya. Duk sagiya, wato ƙafar katakon da shanu ke juyawa a gaɓar tsibirin nan, tana ɗebo ruwan kogi a tulunanta tana juye wa gona, hannunka ne ya kafa ta, in ban da guda ɗaya. Alkamarmu da albasarmu da dabinonmu duk daga bakin tulunan nan suka sha. Kowace sagiya ka ba ta muryarta, don mai ita ya ji daga gida cewa shanunsa na zagayawa. Ta gidanmu siririn kuka take yi, ta umda, mai garinmu, kuwa gurnani, ka ce da gangan ka yi ta haka don ta yi kama da mai ita. Na tuna lokacin da kunnen Hajja Dahiba ya yi nauyi, ta zo tana ƙorafi wai sagiyarta ta daina gaishe ta. Ka yini kana goge mai, kana sassauta wannan kana matse wancan, har ta koma ruri, mutanen ƙetare suka aiko suna tambaya ko lafiya. Tsohuwa ta ji abarta, ta cika maka ƙwarya da dabino, kai kuma ka rabar wa jikokinta kafin ka isa gida.

Idan sagiyar marayu ta karye rana ɗaya da ta umda, wajen marayun kake fara zuwa, umda ya yi ta aike har ya gaji. Ladanka a gidajen da ba namiji bai wuce gurasa da miyar kuɓewa da kofin gahawa ba, gahawar ma sai ka kushe ta tukuna ka shanye. Ni kam ba ka taɓa yarda cikakken mutum ba ne, saboda ban iya riƙe gizago ba. Ɗan tireda kake ce mini, mai hannu kamar gurasar safe. Duk da haka bencin shagona ne wurin zamanka bayan la'asar, kuma a kan bencin nan na san abin da ke cin ka.

Kun san al'adarmu, amma bari in faɗe ta saboda yaran da aka haifa a birni. Idan ɗan tsibiri ya rasu, duk wanda ya ji kukan mata da kansa yake zuwa ya cire wa shanunsa karkiya. Sagiyoyi su yi shiru daga kan tsibiri har wutsiyarsa sai an binne mamacin, 'yan'uwansa na jini kuwa ba sa ɗaurawa sai sun cika kwana uku. Ba a shela, ba a aike, umda ma ba shi da ta cewa a ciki. Baƙo ba a yi masa. Wanda gari ya cire hannunsa daga kansa, shi ma ba a yi masa, haka ake kai shi kabari ruwa na gudu a gonaki.

Wannan shirun shi ka nema shekara arba'in da ɗoriya, kuma har ka koma ga Allah ba ka da tabbacin za ka samu.

Wata la'asar, muna zaune sagiyoyi na ta kukansu, ka ce mini, "Ɗan tireda, kana ganin za su kwance?"

Na ce, "Su kwance me?"

"Kada ka mai da ni yaro. Ka san abin da nake nufi."

"To ka mutu mana mu gani. In ba su kwance ba sai in zo in gaya maka."

Ka yi dariya har da tari, ka ce bakina ne ya hana kasuwata ci gaba. Da dariyar ta ƙare sai ka juya wajen gaɓar arewa, inda gonar ɗan baffanka Abdun Hamad take.

A shekarar da jiragen igwa suka hauro kogi da sojojin Masar da hafsoshinsu Ingilishi suna korar Ansaru, mabiya Mahadi, ni ina goye a bayan uwa. Daga bakinka na ji labarin, na kuma ji daga bakin Abdun, kuma bakinku bai saɓa ba. Jirgi irin wannan itace yake ci, ba ya kuma ƙoshi. Kogi a cike yake, bishiyoyin gaɓa na tsaye cikin ruwa, ɗanyen itace kuwa ba ya tayar da tururi. Busasshen itace mai kyau a ƙasarmu wuri biyu yake: rufin ɗaki da sagiya. Ɗaya daga cikin jiragen ya ɗaure a gaɓar arewa, sojoji suka sauko da gatura, suka nufi sagiyar da ta fi kusa, ta baffanka Hamad, uban Abdun.

Kana da shekara ashirin da 'yan kai. Ka ga gatari zai sauka a kan babbar ƙafa mai haƙora, wadda ubanka ya yi rani guda yana sassaƙawa daga tsohuwar bagaruwa. Kowane basir ya san sauran sassan sagiya ana maye gurbinsu da kututturen dabino ko na goriba cikin 'yan makonni, amma mai haƙora in ta tafi sai an jira wata bishiya ta tsufa. Sai ka ruga da gudumarka, ka yi wa sojojin nuni cewa za ka kwance musu ita da sauri fiye da gatari. Ka bugi turakun ɗaya bayan ɗaya, gungume ya rabu da gungume, ka ɗora musu a kafaɗa. Da suka juya baya sai ka gangara da mai haƙoran ta bayan gaɓa zuwa cikin ruwa, wurin da ka saba gani iya gwiwa. Lissafin rani ka yi a ranar cikar kogi. Ruwa ya ɗauke ta, ya yi gaba da ita.

Abin da ke ranka ba wanda ya gani. Mutanen gari, daga inda suka laɓe, ɗan gidan basir suka gani yana wargaza sagiyar baffansa da hannunsa, tsohon na rungume da ginshiƙi yana kuka. Hafsan jirgin kuma ya ga saurayin da ya kwance sagiya guda kafin sojojinsa su gama wasa gatura. Ya sa ka kwance sauran da ke wannan gaɓar, bindiga na bayanka, sannan ya nuna ka da sandarsa, aka tura ka cikin jirgi da gudumarka a hannu.

Fiye da shekara biyu ka yi a cikinsa. In yana tafiya kana ƙasa a bakin murhu, kai da wasu Nubawa da wani Bamisire mai tsawa. In ya ɗaure a fito da kai da masu gadi, a nuna maka sagiyoyin garin da aka iso. Ka ce mini ba ka taɓa ganin yaƙi da idonka ba. Igwa na tashi a bisa kanka, jirgi na girgiza, toka na zubo maka, kai dai tura itace kake yi. Wani lokaci ka ɗauko gungume ka ga saran gizagon wani basir a jiki, ka ga busasshen jinin ragon da aka yanka ranar da aka kafa ta, ka yi bismillah ka tura a wuta. Na taɓa tambayarka me ya hana ka faɗawa ruwa ka gudu, kai da ka iya iyo. Ka ce tun rana ta farko aka gaya muku, duk wanda ya gudu jirgi ya san hanyar garinsu.

A garuruwan kudu ka koyi ɓoye mai haƙora cikin yashi maimakon ruwa, kuma da dama an tono su bayan jirgi ya wuce. Shekarun baya wani dattijo ya zo tun daga can da buhun gero yana cigiyar basirin jirgi don ya gode masa. Ka karɓe shi a ɗaki ka rufe ƙofa, ka roƙe shi kada ya faɗa a masallaci. Ka ce mutanen da ba ka tsirar musu da ko ɗaya ba, bai kamata su ji ana yi maka godiya a kan na wasu ba.

A shekarar da aka tafi da kai gaɓar arewa ba ta ga alkama ba, dashen dabino ya bushe a tsaye. Baffa Hamad, mai gonar kansa, ya haye ƙetare yana kora wa wasu shanu don abin da za a kai baki. Can ya mutu kafin rani ya fita. Baƙo ne a can, saboda haka ba wanda ya kwance masa. Abdun shi kaɗai ya tsaya a matsayin dangi, ya saka ubansa a kabari sagiyoyin garin na kuka hagu da dama.

Da ka dawo, da tabon wuta a damatsanka biyu, a ƙofar masallaci ka tare shi bayan sallar Juma'a, jama'a na tsaye.

Ka ce, "Ɗan baffa, ban ƙone ta ba. Ɓoye ta na yi, ruwa ya ƙwace."

Ya ce, "Wuta ko ruwa, ta juya a shekarar?"

"Ba ta juya ba."

"To riƙe bayaninka. Na rantse da Allah, ranar da za a binne ka da hannuna zan kora shanu, ka ji abin da ubana ya ji. Daga yau kuma ba ni da ɗan baffa."

Ba ka rama ba. Ka ɗauki gizagon ubanka, wanda ya rasu kana jirgi, ka shiga mayar da abin da ka rushe. Mutane suka karɓi aikinka domin ba su da wani basir, suka ci gaba da gaishe ka daga nesa. A cikin wannan halin ne Sittana ta ce kai take so, gidanmu aka yi ta kai ruwa rana, ita kuwa ta kafe har aka gaji aka ɗaura. Abdun dai ƙetare ya je ya ɗauko wani basir ya kafa masa tasa, ita ce guda ɗayan da na ce ba hannunka ba. Aikin bai yi kyau ba. Tun ranar farko ɗingishi take yi, ta yi kuka ta ɗan shaƙe ta sake kamawa, har yara suka sa mata suna Gurguwa. Daga tsakar gidanka kana jin ta safe da yamma, ka san ciwonta, maganinsa bai fi aikin hantsi ɗaya ba, kuma ba ka da ikon taɓa ta. Lokaci-lokaci sai ka ce mini, "Ka gaya masa haƙori ɗaya ne ya fi 'yan'uwansa tsawo. Kada ka ce ni na ce." In na je, Abdun ya dube ni ya ce, "Ɗan Salih, yaushe ka san haƙorin sagiya, kai da ba ka san naka ba? Ka ce wa wanda ya aiko ka, ɗingishinta ya fi mini tokarta."

Da a ce wannan ne kawai, da shekaru sun ci shi, domin mutanenmu ba sa iya riƙe fushi da wanda suke shan ruwa daga hannunsa. Lambar girman da gwamnati ta ba ka ce ta hana.

Bayan yaƙi aka kira ka Dongola aka maƙala maka ita a ƙirji. Azurfa ce mai faɗin bakin kofin gahawa, da sunanka a zane a gefenta, tana rataye da ƙyalle mai launi, a jikin ƙyallen kuma da 'yan sandunan azurfa, kowace da sunan wurin da jirginku ya yi faɗa. Bayan na iya karatu ka sa na karanta maka su sau ɗaya. Duk sunan da na kira sai ka ce, "A nan goriba ce, hayaƙi kawai," ko ka ce, "A nan sagiyoyinsu sababbi ne." Ba ka sake sa ni ba.

Doka ce duk ranar da jirgin Mufattish, Baturen da ke mulkin gundumarmu, ya ɗaure a tsibiri, mai lamba ya saka ta ya fito gaɓa. A ajiye maka kujera kusa da tasa, umda da liman da dattawan da suka girme ka suna tsaye a rana. Baturen ya dafa kafaɗarka ya ce wa jama'a su duba yadda gwamnati ba ta manta nata. Haka aka yi ta yi, Mufattish ya tafi wani ya zo, kowanne ya gaji kujerar daga na gabansa. Sai a yi shekara mutane sun sake da kai, an fara kiran ka ɗaurin aure, an fara zolayar ka a majalisa, sai jirgi ya yi kuwwa daga nesa. Sittana ta zaro ta daga kwandon albasa inda take jefa ta, ta goge ta da toka tana tsine mata ƙasa-ƙasa, kai kuma ka fita kamar wanda za a kai wa wanzami. Washegari gaisuwa ta koma daga nesa.

Ka nemi rabuwa da ita. Ka kai wa maƙerin azurfa a kasuwar ƙetare ya narka ta ya yi wa 'yarka Batul abin wuya, ya leƙa gefenta ya ga suna, ya miƙo maka da hannu biyu ya ce shi yana da iyali. Wata shekara ka sake ta a tsakiyar kogi daga kwalekwale, ka ce wa umda faɗuwa ta yi. Aka aika labari sama, bayan watanni aka kawo sabuwa, aka tara garuruwa uku da 'yan doka da mai busa ƙaho don a sake maƙala maka. Da ka dawo ka zauna a bencina ka ce, "Ɗan tireda, ashe ta fi ni iya iyo."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu, mutanen tsibiri. Wannan lambar da muke tofa wa yawu ita muke gudu wurinta in ta ɓaci. Da aka kama samarin gidan Farah kan rikicin iyakar gona, ƙofarka aka zo ana cewa Basir, ka sa ƙarfen nan naka ka je. Ka sa ka je, aka sako su. Bara da aka ce za a kwashe bijimai saboda abincin soja a wannan yaƙin na yanzu, dattawan da ba su taɓa taka tsakar gidanka ba suka zo da rawunansu. Ka haye Dongola da tsufanka, ka yini a ƙofar ofis, ka dawo da alkawarin ba za a taɓa shanun sagiya ba, har da na Abdun. Kafin mako ya zagayo na ji da kunnena ana cewa ai dole su ji maganarsa, nasu ne. In ka saka ta kai bawan Bature ne, in ka ƙi sakawa ka ƙi 'yan'uwanka. Ban ga ƙofar da aka bar maka ba.

Lambar ce kuma ta fitar da kai a karo na ƙarshe. Jirgin Mufattish ya zo rangadi cikin sanyin nan, kana kwance da mura. Sittana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Nuri, ka ce ba ka da lafiya. Ƙarya ce?"

Ka ce, "Gaskiya ce. Amma in ban fita ba yau, gobe da wane ido zan je musu roƙo?"

"To su je da kansu mana. Ba su da ƙafa?"

"Suna da ƙafa. Ƙarfe ne ba su da shi."

Ka zauna a kujerar nan a bakin ruwa, iskar arewa na dukan ƙirjinka tun hantsi har azahar. Ka dawo ka kwanta, ba ka sake tashi ba. Jirgin na ɗaure a kasuwar ƙetare lokacin da ka cika.

Da mata suka sa kuka, ban tsaya a ɗakin ba. Na fita ƙofar gida na kasa kunne, domin na yi maka alkawarin zan gaya maka. Ta gidanmu ta yi shiru, wannan dole ne. Ta jikokin Hajja Dahiba ta bi. Na ji wata can wajen kan tsibiri ta tsaya, sauran na kuka, wataƙila labari bai kai gare su ba, wataƙila suna shawara da zuciyarsu. Ban gama gane ta wane ce ta tsaya ba sai na ji muryar mai shelar umda, da 'yan doka biyu a bayansa, yana cewa Mufattish ya yi umarni kowa ya kwance shanunsa don girmama tsohon ma'aikacin jirgin gwamnati, wanda ya ƙi kuma zai yi bayani a Dongola.

Ban ce mugunta Baturen ya nufa ba. An taɓa ba shi labarin al'adarmu ta burge shi, ga shi kuma lokaci ne da gwamnati ke son samari su ga yadda take karrama wanda ya yi mata aiki. Nan da nan tsibiri ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru mai ɗaci irin wannan ba. Wanda ya yi niyyar kwancewa don Allah da wanda ya kwance don tsoron ɗan doka duk sun zama ɗaya, kuma har abada ba mai iya rarrabe su. Na tsaya a ƙofar nan na yi kuka, ba don mutuwarka kaɗai ba.

Sai kuma na ji ashe ba duka suka yi shiru ba. Daga gaɓar arewa Gurguwa na ta ɗingishinta. Abdun, da shekarunsa saba'in, ya sauke jikansa daga mazaunin mai kora ya hau da kansa. Ɗan dokan da aka tura masa ya gaya mini yadda suka yi. Ya ce, "Baba, umarni ne." Abdun ya ce, "Ɗana, harbe sa ɗaya ka ga in ban sa wuyana a karkiyar ba." Ɗan dokan shi ma ɗan bakin kogi ne, ya koma ya ce tsohon ba ya cikin hankalinsa.

Haka muka ɗauke ka bayan azahar. An shimfiɗa lambar a kan mayafin makara, Mufattish na biye da hularsa a hannu. Muka yi maka salla, muka saka ka a makwancinka, 'yan doka suka harba bindiga sama, kuma duk tsawon wannan lokaci sagiya ɗaya na kuka a kanka. Raina ya ɓaci ƙwarai, da na dawo gida na ce sai na je na farfasa tulunanta. Sittana, daga inda take zaune cikin mata, ta ce, "Khairi, zauna. Abdun kaɗai ne yau muka san abin da ke ransa." Lambar kuwa a bakin kabari aka miƙa wa ɗanka Nuri, aka ce ya adana ta, ya riƙa fitowa da ita gaɓa in jirgi ya zo don a tuna da ubansa. Ya karɓa da hannu biyu, domin ba a cewa a'a.

Bayan la'asar jirgin ya kwance ya yi kudu. Kafin hayaƙinsa ya ɓace mutane suka mayar da karkiya, don alkama na bukatar ruwa. Ta umda ta fara gurnani, sauran suka bi, tsibiri ya koma yadda yake. Ina zaune a tabarmar gaisuwa ina jin wani abu ya ragu a kunnena ban gane ba, sai Sittana ta aiko a kira ni bakin zaure. Ta ce, "Ba ka ji ba? Gurguwa ta tsaya."

Washegari ma ba ta motsa ba. Duk tsibiri ya ji, don ba wanda bai san muryarta ba, amma ba wanda ya iya tayar da zancen. A rana ta uku da safe na tafi gaɓar arewa. Gonar Abdun a kan yashi take, ba ta riƙe ruwa, alkamarsa kuma ta fara fitar da kai, ganyen duk ya naɗe. Shanun na ɗaure a inuwar goriba. Shi kuma yana zaune a ƙasa, ya jingina da ginshiƙin sagiya.

Na ce, "Baffa Abdun, alkamarka na jin ƙishi."

Ya ce, "Ina da ido."

"Mutane sun ɗaura tun shekaranjiya."

"Waɗanda Bature ya kwance musu ai sai su ɗaura da ya tafi. Ni ba wanda ya kwance mini."

"Rantsuwar fa?"

"Na cika ta, kana ji ai. Wancan na ubana ne, ya wuce. Kwana ukun nan na ɗan baffana ne."

Na zauna kusa da shi. Can ya miƙa hannu ya dafa mai haƙoran, ya laluba har ya kai kan ɗaya daga ciki, ya tsaya a kai.

Ya ce, "Wannan ne. Wanda yake aiko ka a kansa. Gaskiyarsa ce, tun ranar da aka kafa ta na sani. Kowace shekara cewa nake bari a yi girbi in aika masa." Ya juyo ya dube ni. "Ɗan Salih, yanzu wa zan aika wa?"



Dirar, ga saƙon da na yi maka alkawari. Amsar gari ban san ta ba, an ƙwace ta daga bakinsu kafin su faɗa. Amma ta gaɓar arewa, inda kake juya fuskarka kullum la'asar, na ji ta da kunnena. Kwana uku cur, ba wanda ya sa shi, kuma rabin alkamarsa ta tafi a kai.

Ya Allah, ga bawanka Dirar ɗan Satti ya zo gare Ka. Ka san abin da aka tilasta wa hannunsa, Ka kuma san abin da hannun ya gina da ya samu kansa. Ka sa zafin murhun da ya sha ya zama iyakar wutar da zai gani. Ka biya masa haƙƙin duk wanda sagiyarsa ta ƙone ta hannunsa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da gonakinmu. Ka jiƙan Baffa Hamad da ke kwance a ƙetare, Ka haɗa su a inda ba a tilasta wa kowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Sittana, wadda ta zaɓe shi lokacin da ba mai son tsayawa kusa da shi. Ga Nuri, Allah Ya sassauta masa abin da aka rataya masa. Ga 'ya'yansa mata Batul da Madina da 'ya'yansu. Ga kuma Abdun Hamad, wanda ya zo gidan makoki da yammacin rana ta uku, ya wuce wurin baƙi ya zauna a tabarmar dangi, ya miƙa hannu aka yi masa gaisuwa. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.